Dodon kunne ma ana yi mashi faci

Hajiya shugaba, iyayenmu, yayyena da ƙannena, barkanmu da zagayowar ranar da aka kafa wannan ƙungiya tamu. Allah ya ƙara mata albarka.

Yau zancen kunne na zo da shi. A nan Badariya da wuya ki bi layi guda ba ki ga yaron da kunnenshi ke zubar da ruwa ba. Mun saba har muna cewa in ya girma zai daina. Wani ruwan yakan tsaya, amma ya bar huji a dodon kunne, wato 'yar fatar nan siririya da ke can ciki, wadda sauti ke bugawa kamar ganga. Gangar da ta huje kuwa kun san amonta. Malam na magana a aji yaro bai ji da kyau, a ce daƙiƙi ne. Uwa ta kira ɗiya, a ce taurin kai ne, a ƙara mata da mari.

Bara na raka ɗiyar ƙanwata wajen likitan kunne. Bayanin da ya yi na rubuta shi a littafina na ajin yaƙi da jahilci, shi zan karanto maku.

Abin da ke huda dodon kunne: ciwon kunne mai mugunya, mari, da sosa kunne da tsinke, ashana ko gashin kaza. Sabon huji yakan toshe da kanshi cikin 'yan makonni. In ya wuce wata 3 bai rufe ba, ya zama daɗaɗɗe, sai an taimaka mashi.

Da farko sai an ba da magani kunne ya bushe, don ba a faci a kan mugunya. In hujin ƙarami ne, likita zai ɗan taɓa bakinshi da magani ya zama sabon rauni, sannan ya ɗora 'yar takarda mai laushi. Fata sai ta bi takardar tana tsirowa har ta haɗe. Wani lokaci sai an maimaita. Akwai kuma wanda ake ciro ɗan kitse daga fatar kunne a toshe da shi. In hujin babba ne, sai aikin tiyata. Likita ne zai duba ya zaɓa. Don Allah kar wata ta koma gida ta cusa wa yaro takarda!

Namu aikin a gida shi ne hana ruwa shiga. In za a yi wanka, a shafa wa auduga Vaseline a toshe bakin kunne. Mai huji ya haƙura da iyo a gulbi, ko an je Argungu kallon su a Matan Fada. Ban da ɗiga man ja, ruwan albasa ko nonon uwa. In bayan kunne ya kumbura, ko jiri ya zo, ko baki ya karkace, ranar nan a tafi asibiti, domin ciwon na iya kaiwa ƙwaƙwalwa.

Ku nemi sashen kunne, hanci da maƙogwaro a asibitin tarayya na nan Birnin Kebbi. Akwai kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna.

Na san abin da ke hana mu zuwa: kuɗin mota da na magani. Shi ya sa nake roƙon shugabanni, cikin zubin da muke yi duk mako a ware ɗan wani abu don wanga lamari. Kowace shekara 3 ga Maris ce ranar ji ta duniya. Kafin ta zagayo, kowace mamba ta duba gidanta da na maƙwabta, ta kawo wa sakatariya sunan yaron da kunnenshi ke ruwa, mu san ta inda za mu fara.

Allah ya raya mana ɗiyanmu cikin lafiya.