KU BUƊE BAKIN YARO KU DUBA

 

Yau za mu yi magana ne a kan wani mugun ciwon baki wanda ya ke kama ƙananan yara. Likitoci suna kiransa noma. Kada ku ji sunan ku zaci noman gona a ke nufi. A'a, kalma ce ta harshen Girkawa, ma'anarta cinyewa, don kuwa cin naman fuska ciwon ya ke yi. Da Hausa a kan ce da shi zaizayar baki, a waɗansu wurare kuma ciwon iska.

Da yawa daga cikinku kun taɓa ganin mutum a kasuwa ya naɗe rabin fuskarsa da mayafi, in mayafin ya zame sai ka ga babu leɓe, ko kuwa kunci ya huje har ana hangen haƙora. Galibin irin waɗannan bayin Allah ba haka aka haife su ba. Ciwon nan ne ya kama su suna yara, Allah ya yi da sauran kwanansu. Su ne 'yan kaɗan da suka tsira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin yara 10 da ciwon ya kama, in ba a yi musu magani ba, har 9 suna iya mutuwa. A lissafin da ta yi cikin 1998, ta ƙiyasta yara 140,000 ne ciwon ya ke kamawa kowace shekara a duniya, mafi yawansu a ƙasashenmu na Afirka da ke kudu da Hamada.

To, ga abin da mu ke so ku riƙe daga wannan jawabi: ciwon nan yana da magani, maganin kuwa mai araha ne, amma fa sai an zo da wuri. Wanda zai fara ganinsa kuwa ba likita ba ne. Uwa ce, in ta saba buɗe bakin ɗanta tana dubawa.

WANDA CIWON YA KE KAMAWA

Zaizayar baki ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, watau daga lokacin yaye zuwa lokacin famfara. Ba ta cika taɓa yaro mai ƙoshi ba. Wanda ta ke nema shi ne yaron da tamowa ta kama, ko wanda ya tashi daga ƙyanda, ko zazzaɓin cizon sauro, ko zawo mai tsawo, ya rame, jikinsa ba ƙarfi.

Dalili kuwa shi ne, cikin bakin kowane ɗan Adam akwai ƙwayoyin cuta, ƙanana ƙwarai, ba a ganinsu sai da madubin likita. Muddin jiki yana da ƙarfi, baki kuma yana da tsabta, ba su iya yin kome. Amma in yunwa da ciwo sun karya jikin yaro, ga dauɗa ta taru a gindin haƙoransa, sai su sami hanya. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sabo da haka ku sani ba iska ba ce, ba sammu ba ne, ba kuwa maita ba. A dā ciwon nan yana nan a ƙasashen Turai, yana kashe 'ya'yan talakawansu kamar yadda ya ke kashe namu. Da abinci ya wadata, tsabta ta ƙaru, sai ya ɓace. Ya sake ɓullowa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a sansanonin da aka tsare mutane cikin yunwa. Kun ga ashe yunwa ya ke bi, ba jinsi ko ƙasa ba. Har wa yau, ba a ɗaukarsa daga wani. Kada a guji yaron da ya kamu, kada a ware masa ƙwarya.

YADDA YA KE FARAWA

Ku saurara da kyau, don nan ne gishirin maganar. Ciwon yana tafiya ne mataki mataki.

Da fari dasashi ne ya kan yi ja, ya ɗan kumbura, in an taɓa shi ko yaro ya ciji wani abu mai tauri sai ya yi jini. A nan yaro yana wasansa, ba wanda ya lura.

Sa'an nan sai miki ya fito a dasashi, tsakanin haƙora. Jini ya riƙa fita ko ba a taɓa ba. Baki ya yi ɗoyi, irin ɗoyin da in ka ji sau ɗaya ba ka mantawa. Yaro ya riƙa dalalar da miyau, ya ƙi cin abinci, ya yi ta kuka in an kai masa cokali baki. Sau da yawa a nan ne uwa ta kan ce, "Ai haƙori ne," ko kuwa, "Zafi ne ya yi masa yawa," a jiƙa masa saiwa a ba shi, a zauna jira.

Bayan 'yan kwanaki sai kunci ko leɓe ya kumbura, ya yi tauri, da zafi, ga zazzaɓi. Jama'a, in an kai nan, to, wuta ta kama jinka. Ba a kwana.

In aka sake aka kwana biyu, sai wani tabo baƙi ya fito a kan kumburin. Naman wurin ya mutu ke nan. Daga nan ya ruɓe ya zube, ya bar rami. Ciwon ya kan ci leɓe, da kunci, da hanci, har ƙashin muƙamuƙi, wani lokaci har gindin ido. Tsakanin kumburi da hujewar fuska abin bai cika wuce mako ɗaya ko biyu ba. A wannan tsakani ne yara da yawa su ke rasuwa.

Ku lura, a matakin farko tsabtar baki da abinci mai kyau sun isa. A mataki na biyu da na uku magani yana tsai da ciwon, yaro ya warke fuskarsa ba tabo. Amma naman da ya riga ya mutu ba ya komowa.

ABIN DA ZA A YI A ƊAKIN MAGANI

In kin ga ɗayan alamun nan, uwargida, goya yaronki ki kawo shi ran nan. Kada ki jira ranar kasuwa. Kai kuma maigida, kada ka ce sai ka komo daga gona, ko sai an sayar da gyaɗa. In ba ka nan, ka bar izini a gida, cewa duk ran da yaro ya kwanta a kai shi. Kada kuma a ji kunyar ɗoyin bakin ko ramar yaron a ɓoye shi a ɗaka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Malamin asibiti zai haska bakin yaron ya duba dasashi da cikin kunci. Zai auna hannunsa ya ga ko akwai tamowa. Zai tambaye ki ko ya yi ƙyanda kwanan nan, ya kuma gwada jininsa don zazzaɓin cizon sauro. Ki faɗa masa gaskiya, har da abin da aka riga aka ba yaron a gida.

Maganin iri uku ne, kuma tare su ke tafiya. Na ɗaya, maganin kashe ƙwayoyin cuta, galibi amoksisilin da metronidazol, wanda mutane suka fi sani da sunan Flagyl. A ba yaro daidai yadda aka ce, har kwanakin su cika, ko da ya ga sauƙi. Kada a sayi ƙwaya biyu ko uku wurin mai talla a ce an yi magani. Na biyu, wankin baki kullum, sau da yawa, da ruwan gishiri ko da maganin da aka ba ku. Na uku, abinci mai gina jiki da ruwan sha isasshe. In kunci ya riga ya kumbura, ko ya yi baƙi, za a tura ku babban asibiti, inda za a kwantar da yaron a yi masa allurai. In an tura ku, ku tafi nan da nan.

Kada a yi wa kumburin tsaga, kada a yi masa lalas da wuta, kada a cusa garin magani cikin mikin. Muna kuma roƙon wanzamai da masu maganin gargajiya, tun da ya ke wurinku a kan fara zuwa: in kun ga yaro ramamme mai ɗoyin baki da kumburin kunci, ku ce da iyayensa su wuce asibiti. Kun sami ladan ceton rai.

BA KOWANE KUMBURI NE ZAIZAYAR BAKI BA

Akwai waɗansu ciwace-ciwacen da su ma su kan kumbura fuska. Ga yadda za ku bambanta su.

Hangum. Shi wannan ciwo ne na kaluluwar da ke yin miyau. Kumburinsa a gaba da ƙarƙashin kunne ya ke, gefe ɗaya ko duka biyu, amma cikin baki lafiya lau, ba miki, ba ɗoyi. Ana ɗaukarsa ta tari da miyau, sabo da haka a tsare yaro a gida kwana 5 daga ran da kumburin ya fito. Ya kan saɓe da kansa cikin mako ɗaya zuwa kwana 10. A ba shi kunu, da farasitamol don zafi. Amma in wuyansa ya sanƙare, ko kansa ya yi ciwo ƙwarai, ko kuwa saurayi ne marainansa suka kumbura, a kawo shi.

Ruɓaɓɓen haƙori. In haƙori ya yi kogo, mugunya ta kan taru a gindinsa, kunci ya kumbura, mutum ya kasa barci. Maganinsa wurin likitan haƙori ne. In kumburin ya gangara ƙarƙashin haɓa har haɗiya ko numfashi ya yi wuya, wannan haɗari ne babba, ko da tsakar dare ne a nufi asibiti.

Ciwon daji na muƙamuƙi. Akwai wani kumburi mai tauri da ke tasowa a muƙamuƙin yara, yana girma da sauri cikin 'yan makonni, haƙora su yi ta girgiɗa, amma ba ya da zafi sosai. Wani likita mai suna Denis Burkitt ne ya bayyana shi cikin 1958 a ƙasar Uganda, shi ya sa a ke kiransa da sunansa. Yana jin magani ƙwarai in an kai yaro babban asibiti da wuri.

Ku manya ma ku kula. Duk mikin da ya yi mako 2 ko 3 a harshe, ko leɓe, ko cikin kunci bai warke ba, a nuna wa likita, balle ga mai shan taba ko mai cin garinta.

WANDA CIWON YA RIGA YA TAƁA

Yaron da ya tsira bayan fuskarsa ta huje, wahalarsa ba ta ƙare ba. Tabon ya kan ja muƙamuƙi ya ƙage, har ya kasa buɗe baki. Cin abinci da magana su yi masa wuya, yara su riƙa yi masa dariya, a hana shi makaranta, in ya girma aure ya gagara.

To, ku sani ana gyara irin wannan fuska. A Sakkwato akwai asibiti na musamman don wannan ciwo, an buɗe shi cikin 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF kuma ta shiga taimaka masa cikin 2014. Ana yin aiki a can kyauta, a ɗebo fata daga wani wuri na jikin mutum a rufe ramin, a saki muƙamuƙin da ya ƙage. Cikin 2023 an buɗe wata cibiyar a Abuja. A Jamhuriyar Nijar ma ƙungiyar Sentinelles tana kula da irin waɗannan yara a Damagaram. Ba yara kaɗai a ke yi wa ba. In kun san wani babba da ya ke ɓoye fuskarsa shekara da shekaru, ku gaya masa.

A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa zaizayar baki cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su, Nijeriya ce kuwa ta ja gaba wajen neman haka. Amma hukuma ba za ta iya shiga kowane gida ta buɗe bakin kowane yaro ba. Wannan aikinku ne.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Ga abubuwa biyar da kowane gida zai iya yi.

1. A ba jariri nonon uwa zalla har wata 6, sa'an nan a haɗa da abinci, a ci gaba da ba shi nono har shekara 2. Kada a yaye shi farat ɗaya a bar shi da tsinkakken koko.

2. A kyautata kunun yaro. A zuba masa garin ƙuli-ƙuli, ko na wake, ko nono, da ɗan manja. A ba shi ƙwai, da kifi, da hanta in an samu, da miyar zogale ko ta kuka. A zuba masa nasa a ƙwaryarsa dabam, don in ya sa hannu tare da yayyensa ba ya samun rabo. A ƙara kula da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa.

3. A kai shi allurar rigakafin ƙyanda yana da wata 9, a koma ta biyu yana da wata 15. A kwantar da shi cikin gidan sauro.

4. A wanke masa baki safe da dare. Ƙaramin yaro a goge masa dasashi da haƙora da tsumma mai tsabta, wanda aka tsoma cikin tafasasshen ruwa da ya huce, da ɗan gishiri, kamar rabin ƙaramin cokali a kofi ɗaya. In ya yi wayo a koya masa asuwaki ko buroshi. Kada a bar wankin baki don yaro ba shi da lafiya. Lokacin ne ma ya fi bukata.

5. A riƙa duba bakinsa. Ki zaunar da shi a cinyarki wurin da ke da haske, ki ɗaga leɓen sama, ki ja na ƙasa, ki leƙa cikin kunci, ki sansana. Ko sau ɗaya a mako ya isa ga mai lafiya. Amma wanda ya tashi daga ƙyanda ko zazzaɓi, ko wanda ya rame, a duba shi kullum.

Ku da kuka iya karatu, ku karanta wa waɗanda ba su iya ba. Ku kai maganar nan gidajen suna da na biki, ku gaya wa ungozoma, da kakanni, da maƙwabta. Jan dasashi, jini, ɗoyin baki, kumburin kunci: duk wadda ta ga ɗaya daga cikinsu ga ɗanta, ta goya shi ta taho.

Yau in kun koma gida, kafin rana ta faɗi, ku kira yaranku ɗaya ɗaya ku duba.

Allah ya raya mana zuriya, ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin. Sai wani jiƙon.