Jif ɗin da ke durƙusawa kamar raƙumi: kafin ka ce a cire masa haidirolik

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, domin waɗanda data ba ta bari su saurara ba, da waɗanda suka fi son karatu.

Yau maganar mota za mu yi, kuma tsohuwar mota. Na san wasu za su ce me ya haɗa mu da gareji. To ku duba sosai: matasa da yawa cikinmu motar farko da za su riƙe 'yar Kwatano ce, ko wadda baba ya gaji da ita ya miƙo makulli. Wasu kuma ƙannenmu ne ke kwance a ƙarƙashin motocin nan suna koyon aiki. Saboda haka maganar ta shafi aljihunmu, ta kuma shafi rayuka.

Akwai motocin da ba sifirin da shok kaɗai ke ɗauke da su ba, mai ne da iska. Cikin waɗanda ake gani a titunanmu akwai Lexus LX470, wadda aka ƙera daga 1998 zuwa 2007, da wasu daga cikin 'yan'uwanta Land Cruiser 100. Kun san ta, wadda ake danna maɓalli ta tashi, a sake dannawa ta durƙusa. Toyota na kiran tsarin AHC. Marsandi V-boot mai dogon baya ita ma tana da ɗan ƙaramin irinsa a ƙafafun baya, wanda ke ɗaga ta idan an yi lodi. Kuma da zarar irin wannan mota ta fara tsalle a hanya ko ta kwanta gefe guda, shawarar farko da mai ita zai ji ita ce: "Alhaji, a cire kawai a sa na gargajiya." Ni dai ra'ayina, yawancin waɗanda ake cirewa ba mutuwa suka yi ba. Ko dai an zuba musu man da ba nasu ba, ko an canja abin da lafiyarsa ƙalau an bar mai ciwon.

Bari mu ɗan koma asalin abin, don sai ka san yadda yake aiki za ka gane inda ake cutarsa. Kamfanin Citroën na Faransa ne ya fara fito da shi, ta hannun wani ma'aikacinsu mai suna Paul Magès. Sun fara gwada shi a ƙafafun bayan Traction Avant a 1954, sannan a 1955 suka fito da DS mai ɗauke da shi a duk ƙafafu huɗu. Wannan DS ɗin ce shugaban Faransa Charles de Gaulle ke ciki ranar 22 ga Agusta 1962, lokacin da 'yan bindiga suka buɗe wa motarsa wuta a Petit-Clamart kusa da Faris. Harsashi ya fasa tayoyi, amma direban ya iya riƙe motar ya fice da gudu. Rolls-Royce da kansu sun sayi izinin amfani da fasahar, kuma Citroën ba su daina sa ta a mota ba sai a 2017, da suka rufe ƙera C5 ta wancan zamani. Abin da ya yi shekara sittin da ɗoriya a kan titi, ai ba za a kira shi shirme ba.

Dabarar kuwa mai sauƙi ce. Iska tana matsuwa, mai ba ya matsuwa. Sai aka samu ƙwallon ƙarfe, aka raba cikinsa biyu da faifan roba. Gefe guda iskar nitirojin ce a matse, ɗaya gefen mai ne da ke haɗe da ƙafar mota ta bututu. Idan taya ta faɗa rami ko ta hau dutse, sai ta turo man, man ya danna robar, iskar ta matsu ta shanye bugun. Wato iskar nan ita ce sifirin. Famfo kuma aikinsa ya ƙara mai idan ana son mota ta tashi, a sake shi ya koma tanki idan ana son ta sauka. Shi ke nan. Babu aljani a ciki.

A LX470 irin waɗannan ƙwallaye huɗu ne, kowace ƙafa da nata, a maƙale jikin shasi. Kuma ga inda kuɗin mutane ke zubewa. Abin nan da ke tsaye kusa da taya, wanda kowa ke kira shok, a wannan motar kusan silinda ce kawai da mai ke shiga yana fita. Laushin tafiya daga ƙwallon yake zuwa, da bawul ɗin da ke kusa da shi. Da shekaru suka ja, iskar tana sulalewa ta jikin robar kaɗan-kaɗan, ko robar ta fashe gaba ɗaya. Idan iska ta ƙare, mai ya cika ƙwallon, kuma mun ce mai ba ya matsuwa. Sai mota ta koma kamar amalanke, kowane ɗan tudu sai ka ji shi a ƙashin bayanka. Mai mota ya je gareji, a ce shok ne, ya sayi huɗu da tsada, a ɗaura, ya fito ya ji tsallen na nan yadda yake. Daga nan sai zuciya ta ɓaci a ce tsarin ne ba shi da kyau.

Alhali akwai gwajin da ko sisi ba za ka kashe ba. Buɗe bonet, za ka ga tankin man AHC, fari ne ana hango man ta jikinsa, kuma yana da zane-zanen layi kamar ma'auni. Ajiye motar a wuri mai daidai, babu kaya babu mutane, inji na aiki, ƙofofi a rufe (idan ƙofa na buɗe ba za ta motsa ba, kuma wannan kaɗai ya sa wasu sun ɗauka ta lalace). Saukar da ita zuwa L, jira ta natsu, ka yi alama inda man ya tsaya. Sai ka ɗaga ta zuwa H, ka jira famfo ya yi shiru, ka sake dubawa. Ƙirga layukan da ke tsakanin alamomin biyu. Sababbin ƙwallaye suna ba da wajen layi 14. Idan ka samu ƙasa da 7, ƙwallayen sun gama aiki, su za a canja. Minti biyar ya ishe ka. Duk wanda zai sayi irin wannan jif, don Allah ya yi wannan gwajin a gaban dillali kafin a fara maganar kuɗi.

Yanzu maganar mai, wadda ita ce ta fi ci mini rai. Tankin nan ba ya karɓar kowane mai. Toyota na da man da suka yi masa musamman, an rubuta AHC a jikin gwangwanin. Amma sai ka ga man ya yi ƙasa, yaro ya duba shago ya ɗauko man birki, tunda shi ma ai haidirolik ne. Man birki da wannan man ba danginsu ɗaya ba. Robobin da ke cikin tsarin an yi su ne don man da aka tace daga fetur, man birki kuwa sinadari ne daban da ke kumbura irin wannan roba ya lalata ta. Ba ranar za ka gani ba. Bayan 'yan makonni sai yoyo ya fara ta ko'ina, faifan cikin ƙwallo ya saki, kuma gyaran da zai tsaya a gwangwani ɗaya ya koma na tsarin gaba ɗaya. Man giya na otomatik shi ma ana zubawa, wai ai ja ne mai kyau. Bai kai man birki ɓarna ba, amma ya fi kauri, tafiya za ta yi tauri, famfo ya riƙa wahala.

Citroën sun sha wannan matsalar tun da daɗewa. Tsofaffin motocinsu jan mai suke sha, LHS. A tsakiyar shekarun 1960 suka koma kore, LHM, har suka riƙa shafa wa ƙwallayen koren fenti don kada bakanike ya ruɗe. Da C5 ta zo kuma aka koma wani mai ruwan lemo, LDS. Idan Allah Ya haɗa ka da tsohuwar Citroën irin su CX, BX ko Xantia, ka san cewa a cikinsu birki ma daga wannan man yake samun ƙarfi. Ka ga kenan kuskuren mai a nan ya wuce maganar jin daɗin tafiya. Kuma suna da wata alama: idan kana jin "ƙyas, ƙyas" daga wajen inji duk bayan 'yan daƙiƙu, ƙwallon da ke ajiye matsin mai ne ya mutu, kada a yi wasa da shi.

Man kuma yana tsufa. A jif ɗin nan ana so a canja shi wajen kowace tafiyar kilomita 100,000, a fitar da tsohon ta kusoshin zuƙe iska da ke kusa da kowane ƙwallo har sai sabo ya fito tas. Ku faɗa mini gaskiya, mota ta shekara ashirin, ta yi hannu uku ko huɗu kafin ta iso gare ka, wa kake jin ya taɓa canjawa? Idan ka leƙa ka ga man ya yi baƙi kamar shayin da aka manta a wuta, ka samu amsa.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. A LX470 ba mai kaɗai ke ɗauke da nauyin motar ba, raba aikin suka yi da ƙarfe: sandunan murɗa a gaba, sifirin mai naɗi a baya. Da tsufa ƙarfen yana gajiya, sai nauyin ya koma kan mai, matsi ya hau, ƙwallaye su mutu da wuri. Ƙara da yadda muke lodi, buhunan hatsi a baya, mutum tara a ciki, wani lokaci har da jarkokin mai. Idan nauyi ya fi ƙarfinta, motar da kanta take ƙin tashi ko ta sauka ƙasa don ta kare kanta, mu kuma mu ce ta lalace. Ana auna wannan matsin da kwamfutar duba mota. A gaba ana son ya tsaya kusa da 6.9 a ma'aunin MPa, a baya tsakanin 5.6 da 6.7. Idan na gaba ya haura, ƙara ɗaure kusoshin sandunan murɗa yakan dawo da shi. Idan na baya ne, sabon sifirin ake sawa. Wanda ya sa sababbin ƙwallaye bai gyara wannan ba, zai sake saye ba da jimawa ba.

In kuwa mota ta karkace gefe ɗaya ko tana hawa da sauka ba dalili, a fara duba na'urorin auna tsayi. Uku ne, biyu a gaba ɗaya a baya, kowace da ɗan siririn hannu da ke haɗe da ƙafa. Laka da ruwan damina da ƙurar hunturu suna cinye su, wani lokaci ma hannun ne kawai ya lanƙwashe. Sai bututun ƙarfe, musamman a motar da ta fito daga ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Tsatsa kan ci su ta saman shasi inda ido ba ya kaiwa.

To ga maganar da nake so kowane mai koyon aiki ya ji, ko da bai ji sauran ba. Kada ka taɓa shiga ƙarƙashin irin wannan mota don kawai an danna ta ta tashi. Mai ne ke riƙe da ita a sama. Ka kwance bututu ɗaya, ko ka taɓa hannun na'urar tsayi, ko wani ya shiga ya danna maɓalli, za ta sauko, kuma jif ɗin nan ya fi tan biyu. A Citroën abin ya fi muni, don ita idan ta sauka kusan cikinta ke taɓa ƙasa. A kafa ta a kan ƙafafun ƙarfe masu ƙarfi a ƙarƙashin shasi, ba jak kaɗai ba, ba bulo ba. Kuma kafin a kwance ƙwallo ko bututu, a kashe inji a saki matsin tukuna. Man da ke cikin matsi irin wannan yana iya huda fata ya shiga nama, kuma raunin da ka gani kamar tsinin allura na iya kai mutum ɗakin tiyata. Don haka ba a laluben yoyo da yatsa. Iyayen gidanmu masu gareji, ku yi haƙuri, wannan haƙƙin yaran nan ne a kanku ku koya musu tun ranar farko.

Ban ce cirewa haramun ba ne. Idan bututu duk sun ruɓe, famfo ya mutu, an riga an zuba man birki ya zagaye ko'ina, ko kuma motar ƙauye za ta riƙa shiga inda babu mai kwamfuta ko kusa, to komawa sifirin da shok na gargajiya shawara ce mai ma'ana. Sai dai a yi shi cikakke. Sandunan gaba da sifirin bayan da suka zo da AHC sun fi na gargajiya laushi, tunda an yi su ne su ɗauki wani kaso na nauyin kawai. Wanda ya cire mai ya sa shok huɗu ya bar su, zai samu mota mai zama ƙasa, mai tangaɗi a kwana, kuma wannan hatsari ne a babbar hanya. Dole a canja su da na Land Cruiser marar AHC. Idan ka haɗa lissafin duka, sau da yawa za ka tarar kuɗin ya kai ko ya wuce na ƙwallaye huɗu da sabon mai.

Ga matasanmu da ke gareji kuma, ni ina ganin akwai abinci a nan. Masu irin waɗannan motoci suna da yawa a Kano, Kaduna, Abuja har Yamai, masu gane tsarin kuwa ƙalilan ne. Abin da ake buƙata bai wuce kwamfutar hannu ta duba mota ba, da sanin lambobin da na ambata, da inda za a samo ƙwallo da mai na asali. A Ƙofar Ruwa ko Panteka za ka iya samun ƙwallon da aka ciro daga wata motar, amma ka tuna shi ma shekarunsa ɗaya da naka, kuma ba a gane saura iskar cikinsa da ido.

Wanda ya yi gwajin layukan nan a motarsa ko ta gidansu, ya turo mana adadin da ya samu da shekarar motar, za mu karanto wasu a shiri na gaba.