Ilimin Tattalin Gida a Jami'a da Rabonsa Cikin Tallafin Karatu

  

An nemi in yi magana kan tallafin karatu, ni kuwa zan tsaya kan fanni guda, wanda nake koyarwa, domin akwai bashin magana a kaina. Bara na zauna cikin kwamitin tantance masu neman tallafi. Takardun masu karatun likita da lauya da injiniya suka wuce ba gardama. Da muka iso kan takardar wata marainiya da ta sami gurbin karatun tattalin gida, sai wani dattijo daga cikinmu, mutumin kirki wanda ba na shakkar niyyarsa, ya ce: "Hajiya, yanzu dukiyar waƙafi za mu ɗiba mu biya wa yarinya ta koyi tuwo da miya? Ai mahaifiyarta ta isa." Aka yi dariya, aka ajiye takardar gefe. Na yi shiru saboda nauyin manya, yarinyar kuma ta rasa tallafin. Amsar da ban bayar ba ran nan ita ce na kawo yau.

Wannan fanni ba a madafa aka haife shi ba. Wadda ta aza harsashinsa a Amurka, Ellen Swallow Richards, masaniyar sinadarai ce, kuma ita ce mace ta farko da aka ɗauka karatu a Cibiyar Fasaha ta Massachusetts. A 1887 ta shiga aikin gwajin ruwan sha na jihar, inda aka auna dubban samfura. Abin da ta fahimta shi ne, cuta da asara da yawa daga cikin gida suke farawa: daga ruwan da ake sha, da iskar ɗaki, da abin da aka sa a tukunya. Tarurrukan da ta jagoranta tun daga 1899 su suka haifar da ƙungiyar masana tattalin gida, wadda a 1994 ta sauya suna zuwa kimiyyar iyali da harkokin masu sayayya. Da wannan sabon suna ake kiran sashen a Jami'ar Gana da ke Legon, yayin da jami'o'inmu da kwalejojin ilimi da dama suka riƙe tsohon.

Ɗalibar da ta shiga sai ta fara da ilimin sinadarai da na halittu da lissafi, kamar sauran 'yan kimiyya. Daga nan ta wuce zuwa abinci mai gina jiki da hanyoyin adana shi, girman yaro da tarbiyyarsa, tufafi da ɗinki, tsarin muhalli, kasafin kuɗin gida da haƙƙin mai saye. Ana shafe shekara huɗu ko biyar, gwargwadon jami'a. Girki yana ciki, ba na musu, amma matsayinsa kamar na allura ne a karatun likita.

Yanzu bari in zo inda abin ya shafe mu. Muna raba buhunan gero da masara, muna miƙa kuɗi ga zawarawa da masu riƙon marayu, sai mu rubuta a rahoto cewa an tallafa wa gida kaza. A bakin zaure aikinmu yake tsayawa. Abin da hatsin nan zai zama a jikin yaro kuwa, a tsakar gida ake yanke shi. Yaro yana iya ƙoshi da koko safe da yamma, cikinsa a cike, alhali tamowa tana cin sa, domin kokon zalla ba ya ɗauke da abin da jiki ke buƙata don ya ginu. Ma'aikatan lafiya suna da wani ɗan tef da suke zagaya damtsen yaro da shi. Idan awon ya gaza santimita 11.5, yaron ya shiga matsananciyar tamowa, sai an haɗa da asibiti. Kafin a kai nan akwai rigakafin da ke cikin kasuwar kowane ƙauye: a soya gero ko dawa da waken suya da gyaɗa, a niƙa, a dama wa yaro kunu, a ƙara masa zogale a miya. Sanin adadin da za a haɗa, da watan da za a fara ba jariri bayan wata shida na nono zalla, da yawan ciyarwa a yini, shi ne abin da ɗalibarmu take karantawa. Kwana dubu na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu, idan suka wuce a tsumbure, gyaransu yana da wuya ƙwarai, ko da daga baya wadata ta zo.

Haka zancen adana amfanin gona. Gyaɗa ko masarar da aka ɗure a buhu da sauran danshi tana yin funfuna mai gubar da ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, lokacin da ake niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, ƙurar dalma ta bi ƙasar da yara ke rarrafe a kai, aka rasa yara sama da 400. Iyayen nan ba su ƙi 'ya'yansu ba. Babu dai wanda ya shiga ya gaya musu tun da wuri.

Wa zai shiga? Liman ba ya wuce zaure, ɗan kwamiti ma haka. Mace mai ilimi, 'yar unguwa, wadda aka san iyayenta, ita ce ke zama kan tabarma da matan gida su saurare ta, ita ce kuma ake ba dama a Islamiyyar matan aure. A nan zan ɗan ratse in tsokani iyayena maza: a ƙasarmu maigida ne ke cefane. Shi ya kamata ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewar kaya, ya nemi gishiri mai sinadarin aidin, ya lura da alamar ido da ke nuna an ƙara bitamin A a sukari da fulawa da man girki. Saboda haka fannin ba na mata kaɗai ba ne, kuma zan yi murna in ga takardar ɗa namiji a cikin masu nema.

Ba zan ɓoye muku rauninsa ba. Wasu ɗalibai ba zaɓinsu ba ne, tura su aka yi bayan sun rasa gurbin da suka nema, kuma ana ganin haka a aikinsu. Aikin gwamnati ma ba ya jiran kowa. Sai dai wadda ta kammala da gaske tana iya koyarwa, tana iya aiki a sashen abinci na asibiti ko gidan marayu, tana kuma iya kafa sana'ar kanta ta sarrafa abinci ko ɗinki. Akwai kuma ɗawainiyar da ba ta fitowa a takardar rajista: yadi da zare da kayan gwajin girki, galibi ɗaliba ce ke saye daga aljihunta. Tallafin da ya tsaya ga kuɗin makaranta kaɗai yakan bar 'yar talaka a tsakiyar hanya.

Roƙona ga gidauniya shi ne a ware wa wannan fanni gurbi tsayayye cikin tallafin kowace shekara, a kuma ɗauke shi daga kuɗin waƙafi. Zakka haƙƙin mabuƙaci ce, ba a ɗaura masa sharaɗin aiki a kanta. Mai waƙafi kuwa yana da ikon gindaya sharaɗi, kuma hayar shago ko gida tana shigowa duk shekara har ɗaliba ta gama. Sharaɗin da nake ba da shawara shi ne, duk hutu ta koma unguwarsu ta koyar a Islamiyyar mata, kwamitin masallacin da ya gabatar da ita ya shaida ta yi. Ku 'yan kwamiti kun san gidajen da irin waɗannan yara suke, kun san wadda ta ci jarrabawa take zaune. Ku turo mana sunayensu kafin zaman tantancewa na bana.