Jawabin malamin lakwal a taron ƙungiya: kuturun hatsi ba ƙarfinsu ɗaya ba

Iyayenmu dattawa, ina gaishe ku da girmamawa. Ƴan'uwa da kunka zo daga Maraɗi, Yamai, Kano da Ikko, sannunku da hanya.

Ni malamin lakwal ne, ba malamin gona ba, amma ɗan manomi ne, kuma abin da anka ci daga rumbu shi ka riƙe yaro cikin aji. Shi ya sa na roƙi izini in yi magana bisa kuturun hatsi.

Kowa nan Gidan Sori ya san shi. Ganye shi yi fari-fari daga gindi, da safe a ga ƙura fara ƙarƙashinshi, in lokacin fidda kai ya yi sai zangarniya ta fito da tarin ƙananan ganyaye maimakon tsaba. Wani ɗan abu ne mai kama da funfuna ka kawo shi. Ƙwayayenshi suna kwana cikin ƙasa shekaru da dama, suna kuma manne ma iri. Daren da anka yi raɓa da laima, sai iska ta kwashe su zuwa ga ƙananan shuke-shuke.

Ga abin da nike son ku riƙe. Cutar sunanta ɗaya, amma zafinta ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Cikin shekarun 1980, masana a jami'ar Reading ta Ingila sun tara ta daga wurare da dama, sunka gwada ta bisa iri guda. Sunka tarar ta Afirka ta Yamma ta fi ta Indiya zafi. Haka ta ke ga alkama: cutar da ka ƙone kanta a Turai da Amurka, wani jinsinta ya fi wani ɓarna.

Kuma tana sake hali. A Indiya an baza wani sabon irin hatsi mai suna HB 3, kowa ya shuka shi, ya yi albarka. A 1971 cutar ta kama shi, manoma sunka yi babbar hasara.

To, ƴan'uwa masu tafiya, kuna aiko ma gida iri daga inda kuke, da niyya mai kyau. Amma irin da ya jure cutar can, ba lalle shi jure tamu ba. Shawarata huɗu ce.

Na ɗaya, baƙon iri a gwada shi bisa ƴan kunyoyi shekara ɗaya ko biyu, kada a cika gona da shi.

Na biyu, kada mu yar da zango da sauran irin kakanninmu. Mai son irin zamani, kamar HKP, shi tambayi ma'aikatan gona ko na INRAN da ke Tarna, tunda su a ƙasarmu suke gwaji.

Na ukku, a gauraya iri da magani kafin shuka. Ƙunshin Apron Star mai giram 10 yana isar kilo 4.

Na huɗu, cikin watan farko, wajen noman fari da cira, a tuge duk tushen da ya kamu, a fidda shi gona a ƙone.

Wanda ke son taimakon tsohonshi bana, shi haɗa kuɗin maganin iri cikin saƙonshi tun ruwa bai sauka ba.

Allah shi ba mu damana mai albarka.