Mayen ƙarfen da ake ɗura wa saniya

Yau batun mayen ƙarfe za mu yi, wato maganaɗisu. Kada wani ya ce wannan zancen 'yan boko ne, don magana ce ta ran saniya.

Kun san saniya ba ta tantance abin da take kwasa da harshe. In tana kiwo a bakin gari ko a juji, sai ta haɗiye ƙusa ko guntun waya tare da ciyawa. Ƙarfen yakan sauka a wani ɓangare na tumbi mai ramuka kamar saƙar zuma, kuma wurin yana dab da zuciya. In ƙusar ta huda, sai ka ga dabba ta ƙi ci, ta ɗaga doron baya, tana nishi in za ta kwanta, nono ya ragu. In ta kai ga jakar zuciya kuwa, galibi sai dai wuƙa.

A ƙasashe irin Amurka, makiyaya sun daɗe da dabara: wani mayen ƙarfe mai santsi, tsawonsa kamar ɗan yatsa, likitan dabbobi ya ɗura wa saniya ta baki. Sai ya zauna a wannan ɓangaren tumbi iyakar rayuwarta, yana kama ƙusoshi yana riƙewa don kada su yi yawo. Guda ɗaya ya isa.

To, ga inda masu binciken ƙarafa suka shigo. Ba kowane mayen ƙarfe ne zai iya zama shekaru a cikin ciki ba tare da ya lalace ba. A 1931 wani masani ɗan Japan, Tokushichi Mishima, ya gano cewa in aka narka ƙarfe da nikel da alminiyam wuri guda, ana samun maye mai ƙarfi. Daga baya aka ƙara kobalt, aka samu haɗin da ake kira alniko. Shi ba ya saurin tsatsa, zafi bai dame shi ba, shi ya sa aka daɗe ana yin na shanu da shi. Akwai kuma wani baƙi mai araha da ake rufewa da roba.

A 1982 wani ɗan Japan ɗin kuma, Masato Sagawa, ya haɗa ƙarfe da boron da wani ma'adini mai suna niyodimiyam. Wannan ya fi duk na baya ƙarfi nesa ba kusa ba. Shi ne ɗan ƙaramin farin nan da ke cikin lasifikar salularka da abin sauraro na kunne. Amma fa yana da aibi: yana tsatsa da zarar fentin jikinsa ya kuje, yana fashewa kamar tangaran, kuma na gama-gari yakan fara rasa ƙarfi in zafi ya wuce digiri 80. Saboda haka, don Allah, kada wani ya ji wannan shiri ya ɓalle maye daga matacciyar rediyo ko salula ya tura wa saniya. Ku ma ɓoye ƙananan nan daga yara, don in yaro ya haɗiye biyu, suna iya manne wa juna su tsuke hanji har ya huje.

Wani abu kuma, mayen ƙarfe ba ya kama leda, ba ya kama wayar tagulla ko ta alminiyam. A ganina leda ce ma ta fi yi mana ɓarna a nan, kuma babu mayen da zai yi maganinta.

Irin wannan binciken haɗe-haɗe ne ya ba mu tocilan da kuke haska garke da ita. Ƙwayar fitilar an yi ta ne da wani haɗin galiyam da naitirojin, wanda ba ya sakin lantarki ya wuce kamar tagulla, ba ya kuma tare shi kamar roba, tsaka-tsaki yake. Shuɗin haske yake bayarwa, sai a shafa masa wani sinadari ruwan ɗorawa ya koma fari. 'Yan asalin Japan uku, Akasaki da Amano da Nakamura, sun karɓi kyautar Nobel a 2014 kan wannan aiki. Shi ya sa batir ke kai ku kwanaki, ba kamar tsohuwar tocila mai ƙwai ba.

'Yan kasuwa, ku kuma ga naku: mafi yawan galiyam na duniya da mafi yawan mayen niyodimiyam daga Sin suke fitowa, kuma tun watan Agusta na 2023 Sin ta sa sai da lasisi ake fitar da galiyam. In kun ji ana rigima kan ma'adinai a labarai, ku kasa kunne, don ta shafi kayan da ke kan teburanku.

Mai son mayen shanu, ya fara tuntuɓar likitan dabbobi na yankinsa, ya kuma yi wa duk wadda aka ɗura wa alama don kada a maimaita.