Jirgin Koyon Yaƙi: Abin da Ya Kamata Mu Tambaya Kafin a Biya Kuɗi



Duk wanda ya daɗe a Kano ya san ƙarar wani ɗan siririn jirgi da kan tashi daga gefen filin jirgin saman Malam Aminu Kano, ya kewaya gari, ya sauka, ya sake tashi. Wannan shi ne L-39, ƙirar tsohuwar ƙasar Cekoslobakiya, wanda Najeriya ta sayo guda 24 a tsakiyar shekarun 1980. A cikinsa ake koya wa matasan hafsoshinmu tuƙin jet. Ɗalibi yana kujerar gaba, malami yana bayansa, kowa da sandar tuƙinsa, ta yadda in yaro ya rikice malami zai karɓe jirgin nan take.

Matuƙin jirgin yaƙi hawa-hawa ake yin sa. A Kaduna yake farawa da ƙaramin jirgi mai farfela irin Super Mushshak da aka sayo daga Pakistan, wanda gudunsa ba ya kai kilomita 300 a awa. Daga nan sai jet. Jirgi irin Alpha Jet yana kusantar kilomita 1,000 a awa, kuma idan ya yi kwana mai tsanani jini kan gangara daga kan matuƙi zuwa ƙafafunsa har ganinsa ya dushe. Dole ya koyi ɗaure tsokar ciki da cinya, yana numfashi a ƙage, yana kuma karanta na'urori yana amsa rediyo a lokaci guda. Ba a koyon wannan a aji. Jirgin horo shi ne matakalar da ke tsakanin farfela da jirgin yaƙi na gaske, kuma ƙasar da matakalarta ta karye sai dai ta tura 'ya'yanta waje da kuɗin ƙetare, ta jira layi a makarantun wasu.

Yanzu Najeriya ta ƙulla cinikin jirage 24 samfurin M-346 da kamfanin Leonardo na Italiya. A shekarar 2024 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince a ciwo bashin kimanin dala miliyan 618 domin guda shida na farko da makamansu. Bashi ne, mu da 'ya'yanmu za mu biya, don haka muna da hakkin tambaya. Ni ina goyon bayan a sabunta jiragen, domin waɗanda muke da su sun tsufa. Damuwata ita ce abin da zai biyo bayan ranar da za a yanka kirtani a ɗauki hoto.

Bahaushe ya san sayen doki ba shi ne wahala ba, wahalar tana wajen harawa da dusa da mai kula da shi kullum. Haka jirgi yake, kuma tarihinmu ya nuna mana. A 1984 Najeriya ta fara karɓar jiragen Jaguar guda 18 daga Ingila, jirage masu tsada da ƙarfi. Ba su cika shekara goma suna aiki ba aka ajiye su, saboda kuɗin kula da su ya gagara bayan faɗuwar farashin mai. Suka yi shekaru a jibge a Makurɗi. Babu abokin gabar da ya harbo su.

Bari in kai ku cikin rumfar gyara ku ga yadda jirgi ke mutuwa. Famfon mai ya lalace a jirgi na ɗaya, an rubuta takardar neman sabo, kuɗi ba su fito ba. Gobe akwai tashi. Sai makaniki ya je jirgi na biyu da ke jiran taya, ya kwance famfonsa ya ɗaura wa na ɗaya. Mako mai zuwa a cire wa na biyun rediyo, wata mai zuwa a cire inji. Kafin shekara ta zagayo ya zama ƙwarangwal, amma a takarda har yanzu ana lissafa shi cikin jiragen ƙasa. Akwai ma kayan da ke lalacewa ko ba a taɓa su ba. Albarushin da ke cilla kujerar matuƙi waje idan jirgi zai faɗi yana da wa'adi, in ya wuce dole a sauya. A Yulin 2021 'yan bindiga sun harbo wani Alpha Jet a yankin Zamfara, matuƙin ya cilla kansa, ya sauka da laima, ya tsira. Ya tsira ne domin wani ya duba wannan kujera a kan lokaci, wani kuma ya sa hannu an biya kuɗin kayanta.

Sai batun siyasa, wanda masu talla ba sa son a taɓo. Jirgi ɗaya kan haɗa kayan ƙasashe da yawa, kuma kowace tana iya riƙe nata. Injin L-39 a birnin Zaforizhiya na Yukren ake ƙera shi, inda yaƙi ke ci tun 2022. M-346 na Italiya ne, amma injinansa biyu na kamfanin Honeywell ne na Amurka. Mun ga yadda Tarayyar Turai ta hana sayar wa Najeriya makamai a 1995 bayan rataye Ken Saro-Wiwa, har zuwa 1999. Mun ga yadda cinikin jiragen yaƙi samfurin Super Tucano guda 12 ya tsaya cak bayan da jirginmu ya jefa bam bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Janairun 2017, jiragen ba su iso ba sai 2021. Abin da ya faru a Rann ya isa ya tuna mana cewa horon matuƙi da na masu ba shi bayani daga ƙasa magana ce ta rayukan talakawa, kuma duk kuskure irin wannan yana iya rufe mana ƙofar kayan gyara.

Akwai kuma wata ɗabi'a tamu da nake so a dube ta da idon basira. Alpha Jet, wanda Faransa da Jamus suka ƙera tare, jirgin horo ne da ke iya ɗaukar makami. Mun sayi 24 a farkon shekarun 1980. Shi ya yi mana yaƙin Laberiya da Saliyo ƙarƙashin rundunar ECOMOG, shi aka tura lokacin rikicin Mali a 2013, shi ya yi ta shawagi a kan dajin Sambisa. Ya yi wa ƙasa aiki, babu mai musu. To amma kowane jirgi yana da adadin awannin da jikinsa zai iya ɗauka, kuma duk awar da ya yi a fagen fama an ɗebe ta ne daga rabon ɗalibi. Malaman da suka fi ƙwarewa su ne kuma ake fara kira idan wuta ta tashi. M-346 ɗin da muka yi oda shi ma irin mai fuska biyu ne, ga horo ga kai hari. Da halin da Borno da Zamfara da Katsina suke ciki, kowa ya san inda za a so a tura shi. In ba a ware wasu tun yanzu an ce waɗannan na makaranta ne ba, za mu wayi gari da sababbin jirage da ƙarancin masu tuƙa su.

Kada mu ɗauka mu kaɗai ke fama. Amurka har yau tana horar da matuƙanta da jirgin T-38 wanda ya fara aiki a 1961. Ta ba Boeing kwangilar magajinsa a 2018, aikin ya yi ta samun jinkiri. Bambancin shi ne a can majalisa da masu binciken kuɗi suna wallafa rahoton jinkirin kowa ya karanta.

Wannan shi nake roƙon wakilanmu na Majalisar Tarayya, musamman 'yan kwamitocin sojin sama. Sirrin tsaro gaskiya ne, ba wanda ya ce a faɗi inda jirgi zai kwana. Amma babu sirri a tambayar shekara nawa kamfani ya ɗauki alkawarin kawo kayan gyara, da ko an sa kuɗinsu a kasafin kowace shekara. A tambaya ko cinikin ya haɗa da na'urar kwaikwayon tashi, wadda ɗalibi ke shiga a ƙasa ya gwada mutuwar inji sau ɗari ba tare da an ƙona litar mai ba. Mafi muhimmanci a wurina, a tambaya wane gyara za a riƙa yi a gida. A Kaduna aka taɓa harhaɗa ƙananan jiragen horo na Air Beetle guda 60, a Kaduna kuma Cibiyar Fasaha ta Sojin Sama take tana yaye injiniyoyi. Ya kamata a rubuta a cikin kwangila adadin yaranmu da za a koya wa kwance wannan inji da mayar da shi, da shekarar da babban gyara zai dawo hannunsu, da tarar da kamfani zai biya in ya saɓa.