Kwana Biyu a Bargen, Ko Yini Ɗaya a Gimbana



Kwanan baya wani ɗanmu ya dawo daga ƙasar Norwe, inda ya yi kwana biyu a birnin Bargen na bakin teku. Ya nuna mana hotunan kasuwar kifi da tsofaffin rumbunan katako na fatake, waɗanda UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 1979. Mun yaba ƙwarai. Sai muka tambaye shi ko ya taɓa taka Gimbana. Ya sunkuyar da kai.

Laifin namu ne, mu da muka riƙe alli shekara da shekaru. Mun koya wa yara sunayen kogunan Turai, muka bar Gulbin Zamfara da ke bayan gidansu. Alhali Jega ma mashigin jiragen ruwa ce a da. A ƙarni na 19 fatake daga Nufe da ƙasar Yarabawa suna sauke kaya a kasuwarta, ayarin goro na Gwanja kuma yana yada zango a nan. A Gimbana ne mayaƙan Sarkin Gobir Yunfa suka auka wa jama'ar Malam Abdussalami a 1803, abin da ya kai ga hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu a 1804. Ɗan Abdussalami, Buhari, shi ya kafa Jega. Yaranmu na birni nawa ne suka san wannan?

Kuna zuwa Salla, ku yi gaishe-gaishe, ku juya. To, ku ƙara yini ɗaya. Da hantsi a sauka bakin gulbi, a zarce Gimbana. Da azahar a nufi Aliero, yara su ga rumbunan albasa, wadda watakila ita suke saye da tsada a Legas, su gaida masu ɗori, su leƙa jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a 2006. Da la'asar sai gonakin Maiyama, in akwai sauran ƙarfi.

Dattawan da suka ji labarin daga bakin kakanninsu suna ƙarewa. Muna roƙon ƙungiya ta tanadi mota guda ran kashegarin Babbar Salla, ta kuma samo dalibi mai rubutu ya zauna kusa da dattijon da zai yi bayani. Mu tsofaffin malamai mun ɗauki nauyin littafi da biro.